Yadda ma'aikacin ɗakin gwaji na karkara zai kare jininsa daga tururin sinadarai

Ɗakin gwaji a yawancin ƙananan asibitocin karkarar Kano da Jigawa ɗan ɗaki ne: tsawo mita huɗu, faɗi mita uku, taga ɗaya, teburin siminti a jikin bango. Da hunturu ana rufe tagar ruf, don ƙura tana zama a kan silaid ta ɓata gwaji. Ranar kasuwa kuwa layi ya kai bakin ƙofa, mai gwaji bai da sukunin mayar da murfin kwalba. Kwalbar metanol a buɗe, ga audugar da aka jiƙa da zailin a gefen maikuroskof, ga fitilar sifirit tana ci, ga gwangwanin fomalin da aka ajiye wani ƙari da aka yanko jiya, murfinsa bai zauna ba. A ƙarƙashin tebur akwai jarkar fetur ɗin janareta, saboda ɗakin nan ne mai makulli mai kyau. Babu wanda ya faɗi, babu wanda ya suma. Ciwon kai ne kawai da yamma, a sha farasitamol a tafi gida. Irin wannan zaman ne ya fi buƙatar gyara, don ɓarnar da sinadarai ke yi wa ƙwayoyin gado ba da faɗuwa take zuwa ba. Yau da gobe ce ke sa allura ginin rijiya.

Me ake nufi da ɓarnar ƙwayoyin gado

A fara kawar da wani ruɗani. Idan aka ce ƙwayoyin gado, hankalin mutane yakan tafi kan gwajin aure, AA da AS da SS. Babu sinadarin da zai mayar da mai AA ya koma AS. Abin da ke faruwa daban ne. Kusan kowace ƙwayar halitta a jiki tana ɗauke da zaren DNA a naɗe cikin ƙulli 46, kuma duk lokacin da ƙwayar za ta rabu biyu sai an kwafe zaren. Wasu sinadarai suna tsinka shi, wasu suna manne shi da furotin ɗin da ke kewaye da shi, wasu suna hana ƙullin rabuwa daidai. Jiki yana da masu gyara, kuma mafi yawan ɓarnar ana ɗinke ta ko a kashe ƙwayar da ta lalace. Wadda ta kuɓuce wa gyara ita ce abin tsoro, musamman a inda ƙwayoyi ke rabuwa dare da rana: ɓargo, inda ake yin jini, da fatar cikin hanci da maƙogwaro, da ƙwayoyin haihuwa, da ɗan tayi.

Ba duk kwalaben kan tebur ne laifinsu ɗaya ba, kuma sanin bambancin shi ke nuna inda za a sa ƙarfi. Hukumar binciken cutar daji ta IARC, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa benzin, wani sinadari da ke cikin fetur, da fomaldihaid a rukuni na ɗaya, wato waɗanda aka tabbatar suna sa wa mutum cutar daji. Benzin yana shiga ta huhu, hanta ta sarrafa shi, abin da ya fito daga sarrafawar ya tafi ɓargo ya yi ta'adi. Ƙarshensa ƙarancin jini ko sankarar jini. Likitan jini Muzaffer Aksoy ya nuna haka tun shekarun 1970 a kan masu ɗinkin takalma na Istanbul da ke aiki da gam mai benzin a ƙananan shaguna marasa iska. A 2004 wani bincike a masana'antun takalma na Tianjin a ƙasar Sin ya gano raguwar fararen ƙwayoyin jini ko a cikin waɗanda ke shaƙar ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na iska. Fomaldihaid, wanda shi ne ran fomalin, yana manne DNA da furotin a inda ya fara taɓawa, shi ya sa aka danganta shi da dajin bayan hanci, daga baya kuma da sankarar jini. Kulorofom yana rukunin waɗanda ake zargi, kuma yana cin hanta. Zailin da toluwin hukumar ba ta sa su cikin masu sa daji ba. Nasu aikin shi ne jiri, ciwon kai, bushewar fata da gajiyar ƙwaƙwalwa, sai dai wanda ba a tace sosai ba yakan zo da ragowar benzin. Metanol ido yake kashewa. Eta da asiton gobara ce babban hatsarinsu.

Ba sai ka haddace wannan ba. Juya kwalba ka duba takardar jikinta. Idan ka ga jan murabba'i a tsaye kan kusurwa, da hoton ƙirjin mutum da tauraro a tsakiya, karanta lambobin da ke ƙasa. H340 na nufin yana lalata ƙwayoyin gado, H341 ana zargin haka. H350 yana sa daji, H351 ana zargi. H360 da H361 sun shafi haihuwa da ɗan tayi. Duk kwalbar da ba ta da takarda, ko wadda aka ɗuro a robar lemo daga kasuwa aka rubuta suna da biro, a ɗauke ta a matsayin mafi muni, a daina aiki da ita.

Ɗan lissafin da ya kamata kowa ya yi

Ɗakin da muka kwatanta, idan rufinsa ya kai mita uku, yana ɗaukar iska kubik mita 36. Ana auna tururi da ppm, wato kashi nawa cikin miliyan. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta iyakance benzin a ppm 1 na aikin awa takwas, fomaldihaid a ppm 0.75, zailin a ppm 100. To, a rufaffen ɗaki mai wannan girma, mililita 0.13 na benzin ya isa ya cika iyakar. Ko da fetur ɗin jarka yana ɗauke da kashi ɗaya cikin ɗari kacal na benzin, yadda dokar Turai ta iyakance, cokalin cin abinci ɗaya da ya zube ya bushe a ƙasa ya kai ka can. Fomalin mai kashi 10 kuwa, fomaldihaid ɗin da ke cikin mililita ɗaya, in duk ya tashi, ya wuce iyaka. Zailin sai an kai wajen mililita 20, amma wanda ke barin kofinsa a buɗe tun safe a watan Afrilu ya san yadda yake ƙafewa. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Kada a dogara da hanci. Bayan ɗan lokaci a cikin ɗaki hanci yakan saba, wanda ya shigo daga waje ne zai ce, "Malam, yaya kuke zama a nan?" Idan baƙo ya faɗi haka, ko idonsa ya kawo ruwa, maganarsa ta fi taka gaskiya.

Mataki na farko: fitar da abin da ba dole ba

Abin da ba ya cikin ɗaki ba ya shiga huhu, kuma wannan matakin kusan kyauta ne. Jarkar fetur ta fita yau, babur ma haka. Janareta ya koma nesa da taga, ta ɓangaren da iska ke kwashe hayaƙinsa. Hayaƙin injin dizal shi ma yana rukuni na ɗaya tun 2012. A daina wanke hannu ko goge tebur da fetur ko kananzir.

Sai zailin. A ɗakin da ba a yanka tsoka a duba, babu aikin da ya wajabta shi. Dalilin da ya sa ake jawo shi shi ne man duba da ya bushe a kan idon maikuroskof mai lamba 100, kuma man bai bushe ba sai don an bar shi ya kwana. A goge shi da takardar goge ido da zarar an gama aiki, ba a jira gobe ba. Zailin ma yana narka gam ɗin da ke riƙe gilasan cikin idon, bayan wasu watanni sai a ga hoto ya yi hazo, a ce maikuroskof ya tsufa. Silaid ɗin tarin tibi da za a ajiye don masu sake dubawa, a kifa shi a kan takardar tishu ta tsotse man, sannan a sa a akwati. Silaid ɗin maleriya da za a sake amfani da shi a jiƙa a ruwan omo kwana ɗaya ko biyu, a goge, a ɗauraye sosai. Na tibi da ya nuna cuta ba a sake amfani da shi.

Gwajin bahaya na fomol (wato fomalin mai kashi 10) da eta shi ne mafi hatsari a bazara. Eta yana tafasa a digiri 35, mu kuwa a Maris zuwa Mayu zafi yana haura 40. Kwalbar tana cika da matsi, ka buɗe ta huro maka a fuska, tururin kuma ya fi iska nauyi, yana bin tebur da ƙasa har ya iske wutar da ke can nesa. A maye gurbinsa da etil asitet, wanda sai digiri 77 yake tafasa, awo ɗaya: bahaya kamar giram ɗaya, fomol mililita 7, a tace, a ƙara mililita 3. Shi ma yana kama wuta, don haka a kashe fitilar sifirit kafin a fara. Bayan an jijjiga bututun, a karkata bakinsa daga fuska a sassauta murfin a hankali. Kuma ba kowane bahaya ne ke buƙatar wannan hanyar ba. A fara da dubawar kai tsaye da ruwan gishiri da aidin.

A buɗe tsohon kabad ɗin da aka gada. Idan an ga benzidin, wanda a da ake gwada ɓoyayyen jini a bahaya da shi, kada a buɗe. Yana sa dajin mafitsara. Tsohuwar kwalbar kulorofom da ta sha rana tana iya ƙunsar iskar guba. Tsohuwar kwalbar eta da aka ga farin gishiri-gishiri a bakin murfinta kada ma a murɗa ta, don tana iya fashewa. A rubuta sunayensu, a kai rahoto ga shugaban asibiti da sashen lafiya na ƙaramar hukuma a zo a kwashe.

Mataki na biyu: ƙaramar kwalba, rufaffen baki

Babbar kwalba ta zauna a sito. A kan tebur a ajiye ƙaramar kwalbar ɗigo ta mililita 50 zuwa 100, da sunanta da ranar da aka zuba. Wajen kafe siririn shafin jini, tsoma silaid daƙiƙa biyu ko uku a metanol ya isa, a mayar da murfi nan take. Wannan gyara ne ga aikin kansa ma: metanol yana shan danshin iska, kuma da damina wanda aka bari a buɗe shi ke sa jajayen ƙwayoyi su fito da ramuka-ramuka. Rinin jini na Giemsa a haɗa daidai na silaid ɗin da ke gaba, kamar mililita 3 kowanne, maimakon cika kofi a zubar da rabi da yamma.

Wajen rinin Ziehl-Neelsen, na gwajin tibi, ana ɗumama jan rinin kabol fuksin ne har tururi ya fara tashi, ba a tafasa shi. Wanda ya tafasa ya ɓata shafin, ya kuma shaƙi finol ɗin da ke cikin rinin, wanda ke ɗauke da H341 kuma yana ratsa fata ba tare da zafi sosai ba, don yana kashe jin wurin. Kada a sunkuya a kan silaid ana leƙen tururin. Daga gefe ake gani. Kwalbar asid da alkohol ta yi nisa da wutar.

Fomalin yana zuwa da ƙarfin kashi 37 zuwa 40. Ana samun na kashi 10 ne da awo ɗaya nasa, awo tara na ruwa. A yi wannan haɗin a waje, a inuwa, iska tana wucewa ta gefenka, da mazurari, da tabarau mai rufe ido. A haɗa na wata guda a lokaci ɗaya, a rarraba a robobi masu murfin murɗawa, ta yadda idan an yanko tsoka za a tura Kano, sai dai a buɗe, a saka, a rufe. Ruwan ya ninka tsokar sau goma. A naɗe murfin da filasta, a sa a leda biyu, don direban motar haya da fasinjansa ba su san abin da suka ɗauko ba.

Ajiya tana da nata ƙa'ida. Eta, asiton da metanol ba sa shiga firijin gida: tururi yana taruwa a ciki, na'urar da ke kunna injin ta yi tartsatsi, ƙofar ta tashi. Wuri mai inuwa da iska, ƙasa-ƙasa, nesa da wuta, shi ne nasu. Inda zafi ya yi yawa, dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa, tana sanyaya rufaffun kwalaben rini da rani ba tare da wutar lantarki ba. A rubuta ranar da aka buɗe eta, in har akwai shi, kada ya wuce wata shida.

Mataki na uku: iska mai hanya

A nan aka fi yin kuskure. Fankar sama ba ta fitar da komai, gauraya tururin take yi ta raba wa kowa. Na'urar sanyaya ɗaki ta fi muni, don ita sai an rufe ko'ina. Abin da ake so iska ta shigo ta wuri ɗaya, ta bi ta kan teburin rini, ta fice ta wani wurin, ba tare da ta bi ta hancin mai aiki ba bayan ta ɗauko tururin.

Don haka teburin rini ya koma bakin tagar da iska ke fita. Mai aiki kada ya tsaya tsakanin kwalba da tagar. Iskar da ke zuwa daga bayansa kai tsaye ma ba ita ce mafi kyau ba, don jikinsa yana tare ta, sai ta yi juyi a gabansa ta ɗago tururin zuwa fuska. Wadda ke ratsawa ta gefe ta fi. Gwajin mai sauƙi ne: da safe, kafin a buɗe kowace kwalba, a kunna turaren tsinke a riƙe a inda ake rini, a ga inda hayaƙin ya nufa. A sake gwadawa idan yanayi ya juya, don iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma. Tagar da ke fitar da iska a Janairu tana iya zama mai shigo da ita a Agusta.

Fankar zuƙo iska ta bango ita ke raba gardama. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga ɗakunan gwajin tibi ita ce iskar ɗaki ta sauya sau 6 zuwa 12 a awa. Ga ɗaki mai kubik mita 36, sau 12 ya zama kubik mita 432 a awa. A duba wannan lambar a jikin kwalin fanka kafin a biya kuɗi. A kafa ta daidai tsayin tebur, ba can sama kusa da silin ba, tunda yawancin tururin nan ƙasa yake yi. A lura da inda take hurawa: kada ya zama barandar da masu juna biyu ke zaman jiran awo. Kuma sai an bar wa iska mashiga, in ba haka ba fankar tana juyawa ne a banza. Da hunturu a sa raga mai laushi ko ɗan yadi mai danshi a tagar shigowa, silaid kuma a busar da su a ƙarƙashin murfi ko cikin akwati. Rufe ɗakin gaba ɗaya saboda ƙura gyaran gangar auzinawa ne.

Wanda ya samu hali, mai walda na gari zai iya haɗa akwatin ƙarfe a kan tebur, gilashi a gaba, fankar a baya tana hurawa waje. A bar ƙofar hannu mai faɗin santimita 60 da tsayin 30. Don iska ta shiga da gudun rabin mita a daƙiƙa, wanda shi ne abin da ake nema, ana buƙatar kubik mita 324 a awa, ka ga fankar da muka ambata ta isa. Wannan na tururin rini da fomalin ne kawai. Ba ya maye gurbin kabad ɗin kariya daga ƙwayoyin cuta, kuma kada a yi aikin eta a cikinsa, don injin fanka na gama-gari yana tartsatsi. Haka kuma kabad ɗin ƙwayoyin cuta, wanda wasu asibitoci suka samu ta shirin tibi, matatarsa ƙura da ƙwayoyin cuta take kamawa. Tururin sinadari ratsa ta yake yi, kuma irin da aka fi rabawa yana mayar da iskar cikin ɗaki.

Safar hannu, takunkumi da madara

Takunkumin tiyata da N95 ba sa tare tururi ko kaɗan. Mai tarewa shi ne na roba mai gwangwanin gawayi, kuma gwangwanin yana da iri: na sinadarai irin zailin daban, na fomaldihaid daban, yana kuma cika ya daina aiki. Sai ya manne da fata yake amfani, don haka mai gemu ba ya samun kariyarsa yadda ya kamata. Wannan ma dalili ne na sa kuɗin a fanka.

Safar lateks zailin da kulorofom suna ratsa ta nan da nan. Ta naitiril ta fi, tana tare fomalin da kyau, amma siririyarta ba ta jure zailin, asiton ko kulorofom sai na 'yan mintoci. Safar da ta jiƙe ta fi hannu tsirara muni, don tana riƙe sinadarin a jikin fata mai gumi. Ta fantsamu, a cire, a wanke hannu, a sa sabuwa. Hantsaki ya ɗauki silaid, ba yatsa ba. Zuƙo ruwa a bututu da baki haramun ne a wannan aikin, ko da ruwan me ne.

Madara ba ta wanke guba. Masu fenti da masu walda sun daɗe da wannan imani, ya kuma shigo asibiti, amma abin da ya bi ta huhu ya shiga jini, gwangwanin madara a ciki ba ya cim masa. Manja ma haka. Wanda ya haɗiyi sinadari kada a sa shi amai, don yana iya komawa huhu. A kai shi ga likita da kwalbar a hannu, kuma idan metanol ne kada a jira alamu, don sukan yi jinkirin awanni kafin ido ya fara dushewa. Abin da ya fantsama a ido ko fata, ruwa mai gudana minti 15 cif, da agogo. A ajiye buta biyu cike da ruwa mai tsabta don wannan kaɗai.

A wanke hannu da sabulu kafin alwala, tunda da hannun za a kurkure baki a shaƙa ruwa a hanci. Goro, ruwan leda, zoɓo da kunu ba sa shiga ɗakin, balle firijin sinadarai. Farar riga ta kwana a asibiti, kada a kai ta gida a haɗa da wankin yara. Mai shan sigari ya sani hayaƙinta yana ɗauke da benzin da fomaldihaid ɗin nan dai, ninki yake yi wa kansa.

Zubewa da shara

Bokitin yashi mai murfi ya zauna a bakin ƙofa. Idan kwalba ta fashe: a kashe wuta mai harshe, kada a taɓa makunnin lantarki, a buɗe ƙofa da taga, kowa ya fita. Idan kaɗan ne a rufe da yashi, a kwashe da abin kwasar shara a zuba a bokitin, a kai waje. Idan fomalin mai ƙarfi ne da yawa, ido da maƙogwaro ba za su bari a tsaya ba, kuma kada a yi jarumta. A bar ɗakin ya sha iska tukuna.

Jarkar shara ɗaya ga komai kuskure ne mai tsada. Bilic da asid suna ba da iskar kulorin. Bilic da asiton ko alkohol suna iya haifar da kulorofom. Fomalin da asid ɗin haidurokulorik, wanda ke cikin ruwan wanke rinin tibi, suna iya haɗa wani sinadari mai sa dajin huhu. Jarka uku ke nan aƙalla, kowace da sunanta da manyan baƙaƙe: ta fomalin, ta rini da alkohol, ta bilic. Ba a zuba su a kwata ko ramin da ke kusa da rijiya ko burtsatse, ba a kuma ƙona kulorofom a ramin shara. A nemi babban asibitin yanki a ji yadda suke karɓa.

A nan a tuna da mai shara. Ita ke shiga ɗakin da sassafe lokacin da ya kwana a rufe, tururin dare duka yana ciki, ita ke wanke silaid da hannu, kuma babu wanda ya taɓa karanta mata takardar kwalba. A gaya mata da baki: "Inna, idan kin buɗe, ki bar ƙofa da taga a buɗe minti goma kafin ki shiga. Wannan jarkar kada ki juye ta cikin waccan." A ba ta safar roba mai kauri. Ɗaliban makarantun kiwon lafiya da ke zuwa sanin makamar aiki su ma a zauna da su ranar farko, don su ake tura wa rini.

Masu juna biyu da masu neman haihuwa

Waɗannan sinadarai suna ratsa mahaifa. Wani bincike da aka wallafa a 1994 a kan mata ma'aikatan ɗakunan gwaji a Finlan ya sami ƙarin ɓari a cikin masu aiki da toluwin, zailin ko fomalin kwana uku ko fiye a mako. Watanni ukun farko su ne mafi hatsari, kuma su ne lokacin da mace a wajenmu ba ta son a sani, ko don kunya ko don gudun baki. Shugaban ɗaki mai hankali ba zai jira sanarwa ba: ya tsara aiki ta yadda duk wadda ta ce a ɗauke mata haɗa fomalin da rinin zafi za a mayar da ita kan maikuroskof, rajista da gwajin tsinke, ba tare da tambaya ba. Maza ma abin ya shafe su. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta nuna, abin da aka shaƙa a wannan tsakanin yana iya taɓa ta.

Bibiyar jini

Akwai gwaje-gwajen da masu bincike ke yi don ganin ɓarnar kai tsaye: a kankaro ƙwayoyin cikin kunci a ƙirga masu ɗan gutsuren cibiya a gefe, ko a duba tsinkewar DNA a fararen ƙwayoyin jini. Suna da amfani wajen kwatanta rukunin ma'aikata da waɗanda ba sa aikin, amma ba sa gaya wa mutum ɗaya makomarsa. Abin da ke hannunmu shi ne cikakken ƙirgen jini: a yi lokacin kama aiki, a maimaita duk shekara, a ajiye takardun wuri ɗaya.

Na farkon shi ne ma'auni. Littafi yana cewa fararen ƙwayoyi 4,000 zuwa 11,000, amma baƙar fata da yawa nasu yana ƙasa-ƙasa tun haihuwa kuma lafiyarsu ƙalau, don haka lamba ɗaya ba ta cewa komai. Saukar da ke ci gaba shekara bayan shekara ita ce magana. Kada a yi gwajin ana cikin zazzaɓi, don maleriya tana kayar da ƙwayoyin daskarar da jini. Idan sakamako ya fita daga layi a maimaita cikin mako biyu. Idan ya sake, ko ana yawan haɓo, dasashi na jini, tabo na fitowa ba a buge ba, fuska ta yi fari, zazzaɓi na dawowa kuma gwajin maleriya ba ya nuna komai, a bar aikin sinadarai a nemi likitan jini: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. A gaya wa likitan sunayen sinadaran da shekarun da aka yi da su, don ba lallai ya tambaya ba. Ƙirge mai kyau kuma ba lasisin ci gaba da zama a rufaffen ɗaki ba ne. Sankarar jini takan ɗauki shekaru kafin ta bayyana.

A sayi littafi mai bango mai ƙarfi a ajiye a ɗakin: sinadaran da ke akwai, ranar da aka karɓa, wanda ke aiki da su, duk zubewar da aka yi da wanda ke wurin. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta Najeriya, NSITF, ke gudanarwa, ta haɗa da cututtukan da aiki ya jawo, amma mai nema sai ya nuna me ya yi aiki da shi da tsawon lokacin. Idan aka yi wa mutum canjin wurin aiki, ya ɗauki hoton shafukan da suka shafe shi da wayarsa, ya haɗa da takardun ƙirgen jininsa, ya tafi da su.